Oga ya ce in tattara kalmar sirrin ma'aikata duka a Excel, ku ya kuke yi?

Sadik_IT:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema kafin ranar Litinin. Ni ke riƙe da ɓangaren IT a wani asibiti mai zaman kansa, muna da saba ɗaya, wato babbar kwamfutar da sauran ke haɗe da ita, mai Windows Server da Active Directory, tsarin da ke riƙe akawun ɗin ma'aikata, kwamfutoci sun haura arba'in, ni da wani yaro mai bautar ƙasa ne kaɗai ke kula da su. To jiya daraktan mulki ya kira ni ya ce a buga fom a raba wa kowa, kowane ma'aikaci ya rubuta sunan akawun ɗinsa da kalmar sirrinsa, ni in zuba su a Excel in ajiye in kuma ba shi kwafi. Dalilinsa shi ne duk lokacin da wani ya tafi hutu ko ya kwanta rashin lafiya aiki sai ya tsaya cak, kuma wai ni ma in zan gyara wa mutum kwamfuta ba sai na zauna jiransa ba. Gaskiya raina bai kwanta da abin ba, amma mutumin dattijo ne kuma ba da mugun nufi ya faɗa ba, ba na son in ce masa a'a haka kawai ba hujja. Ku da kuke wannan aikin ya kuke yi?

Bash_Kaduna:
Wa alaikumus salam. Sadik kar ka yarda, wallahi kar ka yarda. Ba ma maganar ɓarayin intanet nake ba tukuna, maganar wuyanka nake. Ranar da kuɗi ya ɓace ta akawun ɗin mai karɓar kuɗi, ko aka canza sakamakon gwajin wani mara lafiya, mai akawun ɗin cewa zai yi ba shi ba ne, ai IT na da kalmar sirrinsa, oga ma yana da ita. Kuma gaskiya zai faɗa, ba wanda zai iya tabbatar da cewa shi ne. Amfanin kowa ya riƙe tasa shi kaɗai kenan, in an ga sunanka a rajistar na'ura an san kai ne.

Abu_Yasir:
Bash ya gama magana.

Maman_Ilham:
Ni dai ban yarda an gama magana ba. Ni a ɓangaren kula da ma'aikata nake, kuma na fahimci ogan nan sarai. Mun taɓa kai ƙarshen wata mai haɗa albashi tana asibiti ta haihu, wayarta a kashe, takardar albashin kuma tana kan kwamfutarta, sai da mutane suka yi kwanaki suna zarya ofishina suna tambaya, wasu da kuɗin haya a kansu. Ku 'yan IT kullum "tsaro, tsaro", amma in aiki ya tsaya mu ake tarewa a ƙofa. Ko a gida ai ana ajiye makulli na biyu a wajen babba, me ya sa wannan zai zama laifi?

Injiniya_Auwal:
Hajiya matsalar da kika faɗa gaskiya ce, ba mai musu, amma maganinta yana nan ba sai an karɓi kalmar sirrin kowa ba. Makulli na biyun da kike magana yana hannun Sadik tun tuni, shi ne ikon risetin. A Active Directory in mutum ba ya nan kuma dole ana buƙatar shiga, admin zai sake saita masa kalmar, a shiga a ɗauki abin da ake so, in ya dawo a ba shi ta wucin gadi tare da danna wurin nan da ke tilasta masa canzawa a shigarsa ta farko. Bambancin shi ne risetin yana barin sawu. Saba za ta rubuta a log, wato rajistarta, cewa wane ya sake saita kalmar wane, rana kaza ƙarfe kaza, lambar wannan rubutun 4724 ce in ka duba Event Viewer, 4723 kuma ita ce in mutum ya canza tasa da kansa. Shi ma mai akawun ɗin zai sani don tsohuwar kalmarsa za ta daina buɗewa. Da fayil ɗin Excel kuwa mutum zai shiga ya fita ba wanda ya sani.

Sannan abu na biyu, kuma ni a ganina shi ne ainihin ciwon, takardar albashi ba ta da dalilin zama a kan kwamfutar mutum ɗaya. A buɗe folda a saba don ɓangaren kuɗi, a ba mutum biyu ko uku izini, kowa ya shiga da nasa akawun ɗin. Imel ma haka, in kuna amfani da Microsoft 365 ko Google Workspace ana iya ba wani izinin duba akwatin wani ba tare da ya san kalmar sirrinsa ba, in mai shi ya dawo a cire.

Maman_Ilham:
To Injiniya wannan na folda na gane, kuma da an yi mana shi da ba mu sha waccan wahalar ba. Amma wa zai yanke hukuncin a yi risetin ɗin? Don kar ya zama ɗan IT ya ga dama kawai ya shiga imel ɗina.

Injiniya_Auwal:
Tambaya mai kyau. A rubuce za a yi. Shugaban sashe ya nema, HR, wato ɓangaren kula da ma'aikata, ta sa hannu, sannan IT ya aiwatar, kuma a sanar da mai akawun ɗin. Takarda ɗaya ce, ba wani dogon abu ba.

Dan_Gwandu:
Ni fa ban ga abin tada jijiyar wuya ba, ai dama duk admin yana ganin fasuwod ɗin kowa a cikin saba in ya so. To meye bambanci in an rubuta masa a takarda.

Zee_Cyber:
@Dan_Gwandu a'a ɗan uwa, ba haka ba ne, kuma mutane da yawa haka suke zato shi ya sa suke miƙa tasu ba gardama. Active Directory ba ya ajiye kalmar yadda ka rubuta ta, yana juya ta ne zuwa wani curin lambobi da ake ce wa hash, shi ake ajiyewa a fayil ɗin ntds.dit. Admin zai iya goge tsohuwar ya sa sabuwa amma ba wani wuri da zai danna ya karanta taka. Eh wanda ya saci fayil ɗin zai iya zama ya yi ta gwaji har ya fasa masu rauni, amma wannan kutse ne, ba aikin admin na yau da kullum ba ne. Kuma ka tuna yawancin mutanenmu kalma ɗaya suke sa wa komai, ta ofis ita ce ta Facebook, ita ce ta Gmail, wani har ta manhajar banki. In ka karɓi ta ofis ka karɓi rayuwar mutum gaba ɗaya ka zuba a Excel.

Dan_Gwandu:
Na gode Malama, ban san haka abin yake ba.

Kabiru_Tech:
Ƙarin bayani kan maganar Injiniya. Risetin ba kullum yake tafiya sumul ba. In akawun ɗin na cikin kwamfutar ne kawai, wato ba na domain ba (rukunin kwamfutocin da saba ke kula da akawun ɗinsu), kuma mutum ya kulle fayilolinsa da EFS, tsarin kulle fayil na Windows, to in admin ya yi masa risetin zai iya rasa hanyar buɗe su, har da kalmomin da Windows ta adana masa. Windows ɗin ma tana gargaɗi kafin ka danna. Don haka Sadik ka duba ko duk kwamfutocinku suna cikin domain. Na faɗi haka ne don mafi yawan laftof ɗin da ake sayowa a kasuwa da Windows Home suke zuwa, ita kuma Home ba ta shiga domain sai an ɗaga ta zuwa Pro.

Sadik_IT:
Malam Kabiru ka taɓo inda ke min ciwo. Laftof ɗin likitoci kusan duk Home ne, kowa ya sayo nasa. Na teburi ne kawai ke cikin domain.

Bash_Kaduna:
To ka ga abin da ya kamata ka kai wa oga kenan, kuɗin lasisin Pro. Ka shiga da takarda ka ce ranka ya daɗe na fahimci damuwarka, ga hanyar da za ta warware ta ba tare da sunanka ya shiga cikin zargi ba in wani abu ya ɓace. Ka jaddada masa wannan, shi ma in yana riƙe da kwafi ya zama abin zargi. Manya sun fi jin wannan fiye da dogon bayanin hash.

Nas_Mikrotik:
Tunda ana maganar kalmar sirri, ni abin da ya ishe ni shi ne dokar canzawa duk bayan kwana 30 ko 90. A wajen da nake aiki duk farkon wata layi ake yi a ƙofata an manta sabuwar. Na shiga wani ofis na ga an yanki filasta an manna a gefen allon kwamfuta an rubuta kalmar da biro, an soke lambar ƙarshe an rubuta ta gaba a samanta, an sake sokewa, har layi huɗu. Wato sunan ɗansa da 1, wata mai zuwa da 2, haka haka. Wane tsaro ne wannan?

Zee_Cyber:
Nas ai masu kafa ƙa'idar ma sun janye daga wannan. Hukumar NIST ta Amurka a takardarta SP 800-63B ta shekarar 2017 ta ce a daina tilasta wa mutane canza kalmar sirri haka kawai don lokaci ya yi, sai in akwai alamar ta fita hannun wani. Ta kuma ce a daina dokar dole sai babban baƙi da lamba da alama, a fi mai da hankali kan tsawo da kuma hana kalmomin da aka san sun riga sun fallasa. Microsoft ma a 2019 ta cire wa'adin canzawa daga shawarwarin tsaronta na Windows. Dalilin shi ne abin da ka gani a filastar nan. Ni abin da nake koya wa ma'aikata shi ne su haɗa kalmomi huɗu ko biyar na Hausa da ba su da alaƙa da juna, ya yi tsawo, ya yi sauƙin tunawa, kuma kar a sa sunan 'ya'ya ko lambar waya ko shekarar haihuwa. Kowa kuma zai iya zuwa shafin Have I Been Pwned ya sa imel ɗinsa ya ga ko ya taɓa fitowa a cikin bayanan da aka sata.

Alhaji_Audit:
Zee ki yi a hankali kar yara su je su kashe wa'adin gobe su ce ke kika ce. Ya danganta da inda mutum yake aiki. Duk wanda ke hulɗa da bayanan katin banki yana ƙarƙashin PCI DSS, ƙa'idar tsaron bayanan kati, kuma a bugu na 4.0 in kalmar sirri ce kaɗai ke tsare akawun to ana son a canza ta aƙalla duk kwana 90, ko a sa na'urar da ke auna haɗarin kowace shiga, tsawonta kuma ya kai baƙi 12. Mu masu bincike da takardar ƙa'ida muke zuwa, abin da aka rubuta a ciki shi muke dubawa. Wanda ke son daina canzawa ya fara sa tabbaci na biyu, wato ƙarin shaida kamar lamba a waya bayan kalmar sirri, sannan ya gyara rubutacciyar dokar ma'aikatarsa, shugabanni su sa hannu.

Zee_Cyber:
Haka ne Alhaji, na yarda da sharaɗin. Amma ka yarda kwana 30 zalunci ne.

Alhaji_Audit:
Kwana 30 kam ban san mai neman sa ba a yanzu.

Umar_Helpdesk:
Ku dawo kan maganar risetin don ni a nan tsorona yake. Kun ce kar a tara kalmomi a yi risetin, na yarda, amma risetin ɗin shi ne ƙofar da ake bi yanzu. A Satumbar 2023 kamfanin MGM Resorts mai otal-otal da gidajen caca a Las Vegas ya yi kwanaki a rikice, katin buɗe ɗaki ba ya aiki, injina sun tsaya, kamfanin da kansa ya ce asarar ta kai kusan dala miliyan 100. Rahotanni sun nuna waya aka buga wa masu taimakon IT, mai kiran ya yi shigar wani ma'aikaci bayan ya tattara bayanansa a LinkedIn, aka sake masa saitin shiga. Twitter ma a Yulin 2020 ta waya aka yaudari ma'aikata aka samu shiga kayan aikinsu na ciki, aka nufi akawun 130, aka yi rubutu da 45 daga ciki har da na Obama da Biden da Bill Gates da Elon Musk ana neman bitcoin. Waɗannan fa kamfanoni ne masu kuɗin sayen kowace irin na'urar tsaro.

Yanzu ku kawo shi wajenmu. Wani ya kira yaron Sadik mai bautar ƙasa da babbar murya ya ce ni ne Dakta wane, ina tiyata, maza ka canza min ka turo ta WhatsApp. Wane yaro ne zai iya ce wa babban likita sai na tabbatar kai ne? Tarbiyyarmu ba ta ba shi wannan bakin ba, kunya za ta hana shi.

Ummu_Khalid:
Wallahi gaskiya ne Umar. Ni sabuwa ce a aikin, in babba ya ɗaga min murya a waya jikina har rawa yake.

Umar_Helpdesk:
Ƙanwata shi ya sa ba a barin abin a wuyan yaro. A rubuta doka, shugaban ma'aikatar da kansa ya sa hannu ya kuma faɗa a taro cewa har shi ta hau. Ba a risetin da kiran da ya shigo. Ki ce to ranka ya daɗe yanzu zan kira ka, ki ajiye, ki kira lambar da ke fayil ɗin HR, ba wadda ta kira ki ba. In yana cikin gini ya zo da kansa ko ke ki je. Ta wucin gadin kuma kar ta zama iri ɗaya ga kowa, don na san wuraren da duk sabon ma'aikaci da duk wanda ya manta kalma ɗaya ake ba su, har masinja ya haddace ta. In kina da takarda mai sa hannun oga, ba ke kika hana shi ba, doka ce.

Injiniya_Auwal:
Sadik wane irin izini ka ba yaron naka? Don Allah kar ka ce Domain Admin, mai cikakken iko a kan komai.

Sadik_IT:
Ba Domain Admin ba ne, amma yana da kalmar admin ta cikin kwamfutoci, kuma ita ɗaya ce a duka, haka na gada.

Injiniya_Auwal:
To wannan ta fi fom ɗin oga gaggawa. Kalma ɗaya a kwamfuta arba'in na nufin in ƙwayar cuta ta kama ɗaya ta samo ta, sauran duk a buɗe suke. Ka sa LAPS. Microsoft ta fito da shi tun 2015 kyauta, kuma daga Afrilun 2023 an saka shi cikin Windows ɗin kanta, 10 da 11 da Server 2019 zuwa sama. Shi zai ba kowace kwamfuta tata kalmar admin daban, ya riƙa canza ta da kansa, ya ajiye a Active Directory inda sai wanda ka ba izini zai gani. Shi kuma yaron ka yi amfani da Delegation of Control, wurin raba izini a Active Directory, ka ba shi ikon risetin da buɗe akawun da ya kulle a rukunin (OU) akawun ɗin ma'aikata kawai, ban da na admin, ban da na 'yan kuɗi in ka ga dama. Kai ma ka raba naka biyu, ɗaya na duba imel da shiga intanet, ɗaya na admin da ba ka taɓa shi sai za ka yi aikin admin. Ranar da ya gama bautar ƙasa kuma a ranar za ka kashe akawun ɗinsa.

Nas_Mikrotik:
Ka haɗa da rauta, na'urar da ke raba intanet, da firinta da na'urar CCTV. Yawancin wuraren da na shiga admin admin ne har yau, tsofaffin rautocin MikroTik ma da sunan admin suke zuwa ba kalma sam.

Bash_Kaduna:
Maganar kashe akawun ɗin wanda ya tafi, kamfanin bututun mai na Colonial Pipeline a Amurka a Mayun 2021 da tsohon akawun ɗin VPN, na shiga netwok ɗin kamfani daga nesa, da ba a amfani da shi aka shige su, ba tabbaci na biyu a kansa, har suka biya kusan dala miliyan 4.4 kuɗin fansa, aka yi layin mai a jihohi da dama. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Hajiya Maman Ilham wannan naku ne, in kun sallami mutum ku gaya wa IT a ranar.

Maman_Ilham:
Na karɓa. Amma ni ma ina da tawa tambayar kuma ba wanda ya taɓo ta. Kun ce kar oga ya riƙe na ma'aikata, to shi ɗan IT ɗin fa? In Sadik ya samu aiki a wani wuri ya tafi, ko Allah ya yi masa rasuwa, Allah ya ba shi tsawon rai, wa ke da kalmar saba? Mu an taɓa yi mana, wanda ya haɗa mana komai ya tafi da fushi saboda kuɗin da yake bi, shafin intanet ɗinmu da imel duk da Gmail ɗinsa na kansa ya buɗe su, sai da aka haɗa da manya aka yi ta ba shi haƙuri.

Alhaji_Audit:
Wannan ita ce tambayar da ya kamata daraktan ya yi tun farko. An yi irin ta a birnin San Francisco a 2008, mai kula da netwok ɗin birnin, Terry Childs, ya ƙi ba shugabanninsa kalmomin shiga, aka yi kwana 12 birni ba ya iya sarrafa netwok ɗinsa, sai da magajin gari na lokacin Gavin Newsom ya je har inda ake tsare da shi sannan ya ba shi. Daga baya kotu ta yanke masa shekara huɗu. Abin da muke ba da shawara shi ne akawun ɗin gaggawa guda ɗaya mai cikakken iko, a rubuta kalmarsa mai tsawo a takarda, a sa a ambulan a liƙe, mutum biyu su sa hannu a kan bakin ambulan ɗin, a ajiye a sef ɗin ma'aikata. In an buɗe a rubuta dalili a kuma canza. Sauran na rauta da domain da lasisi a zuba su a manhajar adana kalmomin sirri irin KeePass ko Bitwarden na ma'aikata, duk rajista kuma a yi ta da imel ɗin ma'aikata. Sadik wannan shi za ka miƙa wa oga a madadin fom, zai ga ba ɓoye masa kake ba.

Kabiru_Tech:
Ni ina ɗan ɗari-ɗari da masu ajiya a intanet tun abin da ya samu ɗaya daga cikinsu, LastPass, a 2022 da aka kwashe rumbun ajiyar masu amfani da shi. KeePass fayil ne a hannunka, na fi natsuwa da shi.

Zee_Cyber:
KeePass na da kyau amma in diski ya mutu ba ka da kwafi shi kenan. Kowanne ka zaɓa ya fi Excel nesa ba kusa ba.

Ummu_Khalid:
Don Allah ɗaya dalilin ogan fa, na gyara? Ni in zan saita wa mutum Outlook ko firinta sai ya ce ga fasuwod ɗina ki yi, ni zan je sallah. Ya zan yi?

Umar_Helpdesk:
Ki ce ya buɗe da hannunsa kafin ya tafi, ko ki jira ya dawo. Abin da ke buƙatar admin ki yi da naki. In daga nesa ne akwai Quick Assist a cikin Windows, shi zai sa lambar da kika ba shi ya amince yana kallon abin da kike yi, in kin gama ya rufe. In ya riga ya faɗa miki da baki kafin ki hana shi, ki sa ya canza a gabanki. Kuma ku duba AnyDesk da TeamViewer, manhajojin shiga kwamfuta daga nesa, da masu sayar muku da manhaja suke sakawa a saba da shiga ba neman izini, sau da yawa shekaru suke yi a kunne, ma'aikacin kamfanin da ya san kalmar ya bar aiki tuni. A kashe, in suna buƙata su kira a buɗe musu a tsaya a kansu.

Dan_Gwandu:
Shi tabbaci na biyun da kuke ta faɗa, a wajenmu sabis ba ya kamawa a cikin gini, saƙon lamba sai ya yi minti goma bai shigo ba.

Zee_Cyber:
Ka bar na saƙon tes, dama shi ne mafi rauni saboda ɓarayin da ke mayar da layin wayar mutum kan nasu sim. Manhaja irin Google Authenticator ko Microsoft Authenticator tana fitar da lamba shida da ke canzawa duk daƙiƙa 30 ba ta buƙatar sabis ko data, agogon wayar kawai ya zama daidai. Sai dai a gaya wa mutane in saƙon amincewa ya yi ta shigowa ba su ne ke shiga ba, kar su danna don su huta. Haka aka yi wa Uber a Satumbar 2022, aka yi ta turo wa wani ɗan kwangila har ya amince, shi mai kutsen kuma ya ce ya tarar da kalmar admin a rubuce cikin wani fayil a netwok ɗinsu. Irin fayil ɗin da ake son Sadik ya buɗe kenan.

Barista_Hauwa:
Ta fuskar doka, tunda asibiti ne. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kulawa ta musamman, kuma in aka samu fallasa mai iya cutar da mutane ana son a sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, cikin awa 72 da sanin faruwar abin. Tarar manyan masu riƙe bayanai tana iya kaiwa naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar shekara, duk wanda ya fi yawa. Ga kuma dokar laifukan intanet ta 2015 da ta haramta shiga na'ura ba izini. In bincike ya zo aka tarar da fom mai kalmar sirrin kowa a durowa, da wuya asibitin ya nuna ya ɗauki matakin da ya dace. Sadik in ya dage, ka nemi ya ba ka umarnin a rubuce, kai ma ka rubuta shawararka ka ajiye kwafi.

Abu_Yasir:
Barista a irin wuraren nan in ka ce wa oga ya rubuta maka, ka fara haɗa kayanka kenan. Aiki na wuya yanzu.

Barista_Hauwa:
Ba sai da faɗa ba Malam. Imel ne cikin ladabi, ranka ya daɗe kamar yadda muka tattauna ga abin da na fahimta ga kuma shawarata. Ya wadatar.

Sadik_IT:
Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka da alheri. Ban jira Litinin ba, na same shi ɗazu bayan la'asar. Maganar ambulan ta Alhaji ta yi masa daɗi sosai, folda ma ya amince, lasisin Pro ya ce in kawo farashi. Amma bai sauka gaba ɗaya ba, ya ce na 'yan kuɗi da na ɗakin magani dole ya riƙe don shi ake tambaya in wani abu ya ɓace. Na ce ai su ne ma suka fi haɗari, ya ce za mu sake zama.

Bash_Kaduna:
Ka buɗe masa nasa akawun mai izinin gani kawai a manhajar da 'yan kuɗi da na ɗakin magani ke aiki da ita, ya ga duk abin da suka shigar ba tare da ya iya canzawa ba. Sa ido yake so ya yi, ka ba shi hanyar.

Maman_Ilham:
In manhajar tana da wannan tsarin. Tamu ba ta da shi, ko ka zama admin ko ka zama mai shigarwa.

Sadik_IT:
Zan tambayi kamfanin da ya sayar mana. Akwai kuma wadda ban faɗa ba, kwamfutar ɗakin nas-nas, mutum shida ne a kanta a kowane shif kuma akawun ɗaya suke amfani da shi, sun ce in kowa sai ya fita wani ya shiga mara lafiya zai daɗe yana jira. Akwai wanda ya taɓa raba irin wannan ba tare da matron ta kai ƙararsa ba?

Injiniya_Auwal:
Ka bar Windows ɗin da akawun ɗaya mara wani iko, ba intanet ba folda, amma a cikin manhajar marasa lafiya kowace ta shiga da nata, ka sa ta fita da kanta in an bar ta 'yan mintuna. Ka fara zama da matron ɗin kafin ka taɓa komai, ita za ta gaya maka minti nawa za su iya jurewa.

Kabiru_Tech:
Minti nawa kuka sa a naku Injiniya? Mu mun sa biyar sun ce ya yi kaɗan.